Safiyar Da Layin Gwaggo Ladi Ya Yi Shiru

Tun da na dawo daga Sudan ban huta da tambaya ba. A aji, kafin Malama ta shigo, sai wata ta matso ta ce, "Dije, wai da gaske ne can maza farar riga kawai suke sawa?" A gidan suna kuma wata ta ce in ba ta labarin jirgi. Na yi ta ba da labarin nan gutsi-gutsi har na daina tuna wadda na gaya wa farko da wadda na gaya wa ƙarshe. Shi ne Malama ta ce tunda yanzu hannuna ya saba da biro, in zauna in rubuta shi gaba ɗaya. To ga shi. Wadda ta ga kuskure ta yi haƙuri, da girmana na shiga makaranta.

Bari in fara da abin da ya kai ni. Mahaifina, Malam Ali, Allah ya jiƙansa, yana da ƙanwa mai suna Ladi. Tana ƙarama iyayensu suka ɗauke ta suka kama hanyar Makka a ƙasa, shi kuma aka bar shi a Ringim wurin kakarsu. Ba su dawo ba. Sudan ta riƙe su, kamar yadda ta riƙe mutanenmu da yawa. Har mahaifina ya koma ga Allah bai sake ganinta ba.

Ɗana Kabiru sana'arsa fim. Ba irin na rawa da waƙa ba, irin wanda ake zaunar da mutum ya faɗi abin da ya gani a rayuwarsa. Shi ya bi diddigi ta wurin ɗalibanmu da ke karatu a Khartum har ya gano Gwaggo Ladi tana raye a Omdurman, a wata unguwa da ake kira Umbadda. Ya roƙe ta ta waya ta ba shi labarin tafiyarsu ya ɗauka. Ta ce ita ba za ta buɗe cikinta ga maza da ƙarafuna ba. "In kana so, ka kawo min 'yar Ali. Ita zan gaya wa, kai ka tsaya gefe da kayanka." Yadda aka yi ni da ban taɓa wuce Kano ba na yi fasfo ke nan.

Mu uku ne: ni, da Kabiru, da abokin aikinsa Habu mai ɗaukar murya. Daga Ringim zuwa Kano Habu na rungume da akwatinsa a cinya kamar jariri, ni kuma ina rungume da buhun tsarabata, daddawa da kuka da busasshiyar kuɓewa da yaji. Batun jirgi ba zan ja ba. Da ya tashi na damƙe hannun matar da ke kusa da ni, wadda ban sani ba, ban sake ta ba sai da muka sauka Njamena ɗaukar wasu fasinjoji. Ta duba hannunta ta ce, "Baiwar Allah, da sauran tafiya, ga ɗayan."

A filin jirgin Khartum aka tare mu wajen duba kaya. Kabiru ya miƙa takardar da aka rubuta sunan kowace na'ura, ana kira ana dubawa. Da aka zo kan makirfon Habu, wanda yake sa wa wata riga mai gashi buzu-buzu don kada iska ta shiga, sai ma'aikacin ya ja baya ya nuna da biro, yana tambaya da Larabci ko mushen kyanwa ne. Ba a gama dariyar wannan ba aka kwance buhuna. Warin daddawa ya tashi. Mutumin ya toshe hanci, ni kuma kunya ta rufe ni. Sai wani dattijon ma'aikaci ya taso daga can gefe, ya ɗauki ɗaya ya sunsuna, ya ce da Hausa mai nauyi, "Daddawa. Kakata tana sawa." Ya ɗaure min buhun da hannunsa. Na ba shi guda uku, ya karɓa da hannu biyu.

Wanda ya zo tarbarmu Abdalla ne, ɗan Gwaggo Ladi, bakanike a unguwar Alshajara. Kun ga taubashina ke nan, kuma ashe al'adar wasan nan ba ta ɓace musu ba. Yana ganina ya ce, "Wannan ce 'yar kawun nawa? Wallahi na zaci doguwa ce. Ya salam, da na sani da kwando na zo da shi, ba mota ba." Na ce, "Ni ma da na san tsoho za a aiko min da na taho da sanda." Hausarsa rabi da rabi ce, yana cikin magana sai ya zame cikin Larabci, sai ya ga na yi zuru sannan ya dawo.

Su Kabiru suka kama masauki a Khartum saboda kayan aiki, ɗaki ɗaya da fanka mai kuka. Ni Abdalla ya wuce da ni Omdurman. A kan gada na ga kogi ya shimfiɗu har ban ga ƙarshensa ba, na ciro 'yar wayata zan ɗauka in nuna muku. Abdalla ya sauke min hannu a hankali. Ya ce gada ba a ɗaukarta hoto, ko da waya. Shi ya sa kuka ga ba ni da hoton kogi, ba rowa ba ce.

Gidan Gwaggo gida ne na ƙasa mai tsakar gida fal, da gadajen igiya a jere, da randuna biyu a inuwa. 'Yarta Nafisa, wadda mijinta ya rasu, ita ke kula da ita. Gaisuwarsu ta ba ni mamaki. Kafin a kama hannu sai an dafa kafaɗar juna, a bubbuga, a yi ta jero lafiya ba mai jiran amsar wani. Gwaggo kuwa na same ta a kan gadonta, 'yar mitsitsiya, an lulluɓe ta da farin mayafi. Ta shafa fuskata da tafin hannu tun daga goshi har haɓa. Muryarta siririya ce ƙwarai, sai ka kai kunne. Hausarta kuma irin ta kakata ce, da kalmomin da na manta ana faɗa. Na fara ba ta labarin mahaifina, ta dafa bakina ta ce, "Bari. Sai ranar."

Abinci, na ci na ƙoshi. Ba sa karyawa da sassafe, shayi kawai, a ɗan kofin gilashi, sukari kamar za a yi alewa. Sai rana ta ɗaga sosai a kawo babban faranti kowa ya kewaye. Akwai wake manya-manya da suke kira ful, a dafa ya yi lugub a kwarara masa man riɗi a ci da burodi. Akwai kisra, kamar sinasir amma siririya kamar takardar littafin nan. Zoɓonmu suna kiransa karkade. Tsire kuma agashe suke ce masa, kuma duk garin sun san na Hausawa ne. Ranar da na yi musu miyar kuka da daddawar gida, Gwaggo ta side kwanon ta miƙo a ƙara.

Yanzu ga abin da ban sani ba game da aikin ɗana. Ni na ɗauka kyamara ake kunnawa a ɗauka. Ashe sai an yi yawon neman izini, wanda su suke kira tasrihi. Kwana huɗu muna hawa muna sauka, don Kabiru ya ce in riƙa binsu, ganin uwa yana tausasa fuskar ma'aikata. Ofis na farko a Khartum shi ke ba da izinin ɗaukar fim ɗin kansa, ya karanta abin da za a tambaya. Na biyu na ƙaramar hukuma ne a Omdurman, shi ke da layin. Na uku na 'yan sandan hanya ne, su ke faɗin inda mota za ta tsaya. Kowane ofis sai an ba mu ruwa da shayi kafin a ce mu dawo gobe. Ban ga wanda ya yi mana tsawa ba, ban kuma ga wanda ya yi sauri ba.

Da takardun suka cika Abdalla ya fassara mana. Kwana uku aka ba mu, Talata da Laraba da Alhamis, daga fitowar rana zuwa kafin magariba. Ba a tare hanya. Ba a sa lasifika. Janaretan da suke cajin batura da shi ba a kunna shi daga azahar zuwa la'asar, don lokacin mutane ke kwanciya. Motar kaya kuma wuri ɗaya za ta tsaya. Kabiru da kansa ya zana layin a takarda wani yammaci da ya zo dubawa, ya ga wata babbar dalbejiya daura da ƙofar Gwaggo ba kowa a ƙarƙashinta, ya sa alama a wurin. Jami'in ya buga hatimi a kan zanen. Jirginmu na komawa kuwa ranar Juma'a da safe ne, sabunta takarda kuma sai an sake wancan yawon daga farko.

Gwaggo ta ce a ƙofar gida za ta zauna, inda mahaifiyarta ta yi shekara da shekaru tana tuyar ƙosai. Kuma hankalinta da ƙarfinta na safe ne, tsakanin shayi da karyawa. In rana ta take sai barci, in ta farka da yamma sai ta riƙa kirana da sunan wata.

Ranar Talata motar ta iso tun gari bai gama wayewa ba, ta shige ƙarƙashin dalbejiya. Aka fito da Gwaggo, na zauna kusa da ita, Habu ya rataya abin jinsa a kunne ya ɗaga makirfo a kan sanda. Sai layin ya farka. Jikin katangar Gwaggo akwai shagon mai walda, Usta Taha, ya fara yankan ƙarfe. Masu ruwa a amalanken jaki suna wucewa suna buga ganga da sanda. Ga masu adaidaita sahu, wanda su suke kira raksha, sun taru a jikin katangarmu su fi goma, ba wanda ya kashe injinsa, kowa da rediyonsa, suna shan shayi wurin wata mata da ta jera kujerunta a 'yar inuwar katangar, taku biyar daga ƙafar Gwaggo.

Gwaggo ta yi magana, bakinta na motsi, ni da ke jikinta ma da ƙyar nake tsintar kalma. Habu ya cire abin kunnensa ya girgiza kai. Aka gwada cikin ɗaki, ƙarar walda ta biyo katanga har kwanon rufi yana amsawa. Kabiru ya je ya roƙi masu raksha, suka ce masa "Tamam, tamam," wato to, to, amma ba wanda ya motsa. Ranar ta tafi a banza.

Laraba ma haka. Ɗan sandan hanya ya zo a babur ya duba mota tana inda aka zana, ya duba janareta, ya ce komai daidai, ya wuce wurin mai shayi aka zuba masa. Wajen hantsi Gwaggo ta gaji ta ce a mayar da ita ciki. Na ga Kabiru ya zauna a bakin mota ya dafe kai.

"Umma," ya ce, "takardar nan ta hana mu damun unguwa, amma ba ta hana unguwa damun mu ba. Gobe ce kaɗai ta rage. In ba a samu ba, shi ke nan. Kin ga jikinta."

Na ga jikinta. Na kuma san ba fim ɗin kaɗai ba ne. Abin da ta ajiye min tun ranar da ta dafa bakina, in ba ta faɗa gobe ba, ban san ko akwai wata ranar ba.

Ni dai ba ni da ilimin na'ura, amma kwana biyu ina zaune ina kallo. Na lura mai shayin nan ba ta taɓa duban inda muke ba, ko sau ɗaya, alhali kowa a layin sai ya leƙo. Na kuma lura inuwar katangar tana gudu da wuri, kafin azahar rana ta cim mata, tana ta jan kujeru tana matsawa. Sai na leƙa ƙarƙashin motarmu. Ƙasar wurin baƙa ce da tsohuwar toka, a daddaɓe sumul, ga wasu duwatsu uku da tayar mota ta ture.

Na shiga gida na sami Nafisa tana wanke-wanke. Na ce, "Nafisa, matar can, da ina take zama?"

Ta ci gaba da cuɗa tukunya. "Malesh, ba komai."

"Ban ce da komai ba. Ina take zama?"

Ta ajiye soso. Ta ce sunan matar Bahita, kuma ta fi shekara ashirin a ƙarƙashin dalbejiyar nan, da shayin nan ta rayar da 'ya'yanta. Da la'asar take kwashe kayanta ta ajiye a shagon Usta Taha, shi ya sa Kabiru ya ga wurin fayau. Ranar Talata da ta iso ta tarar da mota, ta yi wa direba magana, sai Kabiru ya zo ya buɗe mata takarda ya nuna mata hatimi.

Na ce, "Kuma kika yi shiru kwana biyu?"

Ta ce, "Ku baƙinmu ne. Ta yaya zan ce wa baƙo ya yi laifi?"

Na yafa mayafina na ce ta zo ta yi min tafinta. Muka sami Bahita tana shirin tashi, baƙa ce doguwa, da zane mai ruwan goro ta naɗe jikinta har ka. Na yi sallama, ta amsa ba ta ɗago ba. Na ja wata 'yar kujera na zauna gaban bokitin da take wanke kofuna, na naɗe hannun riga na fara wankewa. Ta ce wani abu da sauri. Nafisa ta ce, "Wai ki bari, ke baƙuwa ce." Na ce a gaya mata a garinmu in ɗa ya yi ɓarna uwarsa ce ke zuwa. Na wanke na jera, na wanke na jera. Sai da na kusa gamawa ta zuba shayi ta ajiye a gabana.

Daga nan ta buɗe baki, Nafisa na juya min. Ta ce ita ba ta hana kowa inuwa ba, itacen na Allah ne. Da yaron ya yi mata sallama ya ce Hajja Ladi za a ɗauka, da ita da kanta za ta kwashe kujerunta, don Hajja Ladi ce ta fara ba ta garwashi ranar da ta kafa murhu a layin. "Amma sai ya buɗe min takarda a gaban mutanena. Ni ban iya karatu ba. Na tsaya ina kallonta kamar jaka."

Wannan maganar ta taɓa ni inda ba ta sani ba. Na ce wa Nafisa ta gaya mata ni ma sai da na aurar da 'ya'ya biyu na koyi rubuta sunana. Na gaya mata yadda aka taɓa miƙo min takarda a asibiti na riƙe ta a juye, yarinyar da ke bayana ta gyara min. Bahita ta ɗago ta dube ni sosai a karo na farko. Ta tambaya ko da wuya. Na ce da wuya, amma ba kamar tsayuwa a rana ba. Na ɗauki tsinke na rubuta mata sunanta a ƙasa da bokon da na iya. Ta daɗe tana kallo, ta ce, "Duk wannan ni ce?" Muka yi dariya mu uku.

Na aika aka kira Kabiru. Ban yi masa faɗa a gaban mutane ba, na ce kawai, "Ga uwarka, ka shiga ɗakinta da mota ba sallama." Yaron nan ya gane nan take. Ya cire hularsa ya durƙusa har ƙasa a gabanta kamar yadda muke yi. Su kuwa can ba sa durƙusa wa mutum. Bahita ta zabura tana cewa ya tashi, ya tashi, masu raksha suka fashe da dariya, wani ya ce ko ya yar da wani abu ne a taya shi nema. Ta kama kafaɗarsa ta ɗaga shi, ta bubbuga, ta ce ai sai ya sha shayi, kuma ba sukari, wannan ne hukuncinsa. Ya shanye yana yamutsa fuska.

Saura batun mota, tunda ba a matsar da ita sai da izini. Bahita ta ce a bar mata wannan. Ranar Alhamis da sassafe motar ta tsaya a bakin layi, direba a ciki. Ɗan sandan ya iso, Bahita ta zuba masa shayinsa kamar kullum, ta yi masa magana ƙasa-ƙasa, ta kira Usta Taha. Usta ya ce ga gaban shagonsa, a sa motar a nan, yau ba zai buɗe ba sai an karya. Jami'in ya taka ya duba ko za ta tare hanya, ya ga ba za ta tare ba. Ya karɓi zanen Kabiru ya soke alamar dalbejiya, ya yi wata, ya sa hannu a gefe. Bahita ta mayar da duwatsunta uku inda suke, ta hura wuta.

Ba mu roƙi kowa shiru ba, takarda ma ba ta ba mu ikon haka ba. Bahita ce duk wanda ta miƙa wa kofi sai ta faɗa masa kalma biyu. Na ga masu raksha suna kashe rediyo ɗaya bayan ɗaya. Wani ya tafi wancan bakin layin, wani ya tafi wannan, suna sanar da masu shigowa. Mai ruwa ya shigo da jakinsa, sandarsa a hammata, bai taɓa ganga ba. Abin da ba zan manta ba shi ne raksha ta farko da ta shigo da fasinja. Tun daga nesa direban ya kashe inji ya sauko, ya kama ƙarfen yana turawa, matar da ke ciki da kwandon cefanenta tana zaune tana kallonmu. Sai da ya wuce gida uku sannan ya tayar. Ta biyu ma haka. Ba a tare hanya ba, kowa ya wuce, da ƙafa dai.

Aka fito da Gwaggo aka zaunar. Ta karkata kai tana saurare, ta dubi hagu ta dubi dama, sai ta kama hannuna.

"'Yar Ali, wa ya rasu?"

Na ce, "Ba kowa, Gwaggo. Ke ake jira."

"Ni?" Ta yi 'yar dariya ta gyara mayafi. "To, Allah ya ba su haƙuri, labarin da tsawo."

Ta fara. Ta faɗi jakinsu mai yankakken kunne, da yadda suke yada zango a gari su yi noma damina guda kafin su ƙara gaba, da ƙanenta da aka haifa a hanya aka binne a hanya. Ta faɗi ranar da suka ga kogin nan, mahaifiyarta ta zauna a bakinsa ta ce ƙafarta ta ƙare. Muryar nan da ba ta fi zare ba, ranar har Bahita daga ƙarƙashin itace tana miƙo wuya, ita da ba ta jin Hausa. Habu ya rufe ido, duk nauyin sandar bai sauke ba.

Sai ta ce ranar da za su bar Ringim, yayanta Ali ne ya goya ta daga ƙofar gida har bakin rafi. An ce ya koma ya ƙi, sai da baffansu ya ɓamɓare ta daga bayansa. Ta ce tana kan jaki tana waiwaye, yana tsaye a cikin ruwa iya gwiwa, rigarsa ta yi masa yawa.

Ta juyo ta dube ni. "Ni a haka na san shi. Ya yi tsawo kuwa?"

Na ce, "Ya yi, Gwaggo. Sai ya sunkuya yake shiga zaure."

"Ya yi gemu?"

"Fari fat, har ƙirji."

Ta gyaɗa kai a hankali, tana murmushi, kamar wadda aka gaya wa yaron da ta aika ya isa lafiya. Ta ce, "To madalla. A ba ni ruwa."

Kabiru ya dubi Habu, Habu ya ɗaga babban yatsa, fuskarsa jiƙe. Kabiru ya juya ya ɗaga wa Bahita hannu biyu. Ta ɗauki cokali ta ƙwanƙwasa butarta sau uku. Kafin Gwaggo ta gama shan ruwa Usta Taha ya ja ƙofar shagonsa, rediyo ya tashi ta ko'ina, layin ya koma yadda yake.

Washegari muka taho. Abdalla ya kai mu filin jirgi yana cewa in na sake zuwa in ƙara tsawo. Nafisa ta cika min buhuna da karkade da turaren wuta, Bahita ta aiko min da ƙullin citta da kanumfari irin wanda take sa wa shayinta.

Bayan mun dawo da mako biyu Kabiru ya zo Ringim da na'urarsa, ya sa min abin ji a kunne. Muryar Gwaggo ta fito tar, kamar tana jikina. Amma a ƙarƙashinta, daidai inda take tambayar tsawon mahaifina, akwai wani ɗan sauti, fat, fat, fat, da numfashin mutum. Na tambaya mene ne. Ya ce silifas ɗin wani mai raksha ne yana tura kekensa a gabanmu. Ya ce kada in damu, akwai yadda za su goge shi, muryar ta fita ita kaɗai.

Na ce ya bar shi.